Yadda Ake Magance Kaushi da Faso a Gida, da Yadda Ake Hana Su Dawowa

Wanda faso bai taɓa kamawa ba, ba zai gane yadda 'yar tsaga guda a dunduniya take sauya wa mutum tafiya ba. Ka tashi da safe, ka sauke ƙafa ƙasa, takun farko ka ji kamar an soka maka tsinke. Daga nan sai sanɗa a kan yatsu da ɗingishi, kafin rana ta take tsaka gwiwa da ƙugu sun ɗauki ciwon da ba nasu ba. Da dare kuma dunduniyar ta riƙa kama zanen gado, duk juyin da ka yi kana jin tana jan zare.

Na yi shekaru ina fama da wannan. Abin da ya fi ba ni takaici da na fahimci lamarin shi ne, yawancin abin da nake yi da sunan magani shi ke ƙara rura wutar. In jiƙa ƙafa a ruwan zafi har ta yi fari fat, in dirje ta da ƙarfi sai na ga ja, in lafta mai kwana biyu, in manta da ita sai ciwo ya dawo. Kayan aikin duk daidai ne, tsarin ne babu. Shi ya sa kafin mu shiga matakai, zan so mu tsaya kaɗan a kan abin da ke faruwa a cikin fatar, domin wanda ya gane wannan ba zai ƙara ɗaukar reza ba.

Abin da ke tsaga dunduniya

Fatar tafin ƙafa ta fi ta ko'ina a jiki kauri, kuma tana da wani rashi: babu ƙofofin maiƙo a cikinta. Fuska da kai da baya suna fitar da nasu mai, tafin ƙafa kuwa gumi kawai yake fitarwa. Saboda haka da zarar iska ta bushe, ko sabulu mai ƙarfi ya wanke ɗan abin da ke riƙe mata laima, ba ta da abin kare kanta.

A ƙarƙashin ƙashin dunduniya akwai wani curin kitse mai aikin matashi. Duk takun da ka yi, nauyinka yana danne shi, shi kuma ya baje gefe da gefe. Fata mai laushi tana miƙewa ta bi shi, ta koma. Amma inda ake yawan gogayya da danniya, fata takan kare kanta da yin kanta, wato ta tara matattun ƙwayoyi ta yi kauri. Idan wannan kantar ta bushe, sai ta yi gautsi. Ka ɗauki busasshen ƙirgi da ya kwana a rana ka lanƙwasa shi, ka ga yadda yake darewa. Haka gefen dunduniya ke yi. Shi ya sa faso ba ya fitowa a tsakiyar dunduniya sosai, a kewayen bakinta yake jeruwa, daidai inda kitsen yake turo fata waje.

Abu uku ke nan suka haɗu: bushewa, kauri, da danniya. Wanda ya magance ɗaya ya bar biyu, zai ga sauƙi na mako guda abin ya dawo.

Akwai kuma wata gaskiya da ta sauya mini tunani gaba ɗaya. A 1952 wani masanin fata a Amurka mai suna Irvin Blank ya yi gwaji da gutsattsarin busasshiyar kanta. Ya ga cewa mai shi kaɗai ba ya tausasa ta, ruwa ne ke tausasa ta, kuma saman fata yana fara gautsi idan ruwan da ke cikinsa ya yi ƙasa da kusan kashi 10 cikin 100. Ma'ana, aikin mai shi ne ya rufe ƙofa kada ruwa ya gudu. In ka shafa shi a kan busasshiyar dunduniya, ka rufe ɗakin da babu kowa a ciki. Ka riƙe wannan, don duk matakan da ke tafe a kansa aka gina su.

Waɗanda wannan bayani bai ishe su ba

Dole in faɗi wannan da wuri. Idan kana da ciwon suga, ko ƙafarka tana yin dindiris ba ka jin taɓi sosai, ko likita ya ce jini ba ya gudana da kyau zuwa ƙafafunka, ko garkuwar jikinka ta yi rauni, to kada ka jiƙa ƙafa, kada ka goge ta da dutse, kada ka sa maganin cin kanta sai da izinin ma'aikacin lafiya. Ciwon suga yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da waɗanda ke sa ƙafa gumi, sai fatar ta bushe ta tsage mutum bai sani ba, kuma rauninsa ba ya saurin warkewa. Tsagar da wani zai warke daga ita a mako guda, ga mai suga tana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Ba tsoratarwa nake yi ba. Aikin mai suga a gida shi ne wanke ƙafa da ruwa mai ɗumi kaɗan, tsane ta sosai, shafa mai kullum, da duba tafin ƙafa da madubi kowace rana. Ya ga tsaga ko da ƙarama ce, asibiti zai nufa, ba tare da jiran gobe ba.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa. Baho ko roba da ƙafa biyu za su shiga, sabulu marar ƙarfi wanda ba shi da turare sosai, tawul mai tsabta, dutsen goge kaushi ko magogin ƙafa, basilin, safar auduga ƙafa biyu ko uku, da filasta. Sai kuma abu guda da na fi so ka nema da gaske: man shafawa mai sinadarin yuriya. A jikin kwalin za ka ga an rubuta Urea, da lamba a gefensa. Mai kashi 10 cikin 100 yana riƙe laima, ya dace da shafawar yau da kullum. Mai kashi 20 zuwa 25 shi ne na dunduniya mai kaushi, domin bayan jawo ruwa yana kuma sassauta matacciyar fata ta riƙa zubewa da kanta. Akwai mai kashi 40, amma wannan yana da ƙarfi, a kan kanta mai kauri kawai ake sa shi, kuma gara da shawarar likita ko mai harhaɗa magani.

Yuriya ba baƙo ba ne a jiki, fatarmu ma tana da nata da take riƙe ruwa da shi. Sai dai in ja kunne: sunansa ɗaya da takin zamani da ake zubawa a gona, amma kada wani ya ce zai jiƙa taki ya shafa. Na shafawa an tace shi an auna shi, na gona ba don fatar mutum aka yi shi ba.

In ba a samu mai yuriya ba, a nemi mai laktik asid, ko mai gilisarin, ko mai salisilik asid. Na ƙarshen nan yana cin kanta sosai, don haka ba a sa shi a buɗaɗɗen rauni, kuma mai ciwon suga ya nisance shi.

Mataki na farko: ka duba ƙafar da kyau

Zauna inda akwai haske, ka ɗora ƙafa a kan cinya, ko ka ajiye madubi a ƙasa. Abin da kake so ka sani shi ne zurfin tsagar. Idan fatar ta yi fari ko rawaya, ta yi kaushi, da 'yan layuka a sama waɗanda ba sa zafi, wannan kaushi ne kawai, kana iya tsallakewa zuwa mataki na uku. Idan kuwa ka ɗan matsa gefen tsagar ka hango ja a ciki, ko tana zogi, ko ka ga ɗigon jini a safa, to tsagar ta wuce matacciyar fata ta kai ga mai rai. Wannan rauni ne, kuma da shi za a fara.

Ka kuma duba ko akwai alamar ƙwayoyin cuta sun shiga: ja da ke yaɗuwa zuwa idon sawu, kumburi, wurin ya ɗauki zafi in ka taɓa, mugunya ko wari, zazzaɓi, ko kaluluwa a matsematsi. Ko ɗaya ka gani a cikin waɗannan, aikin ya fi ƙarfin gida. Ka je a duba ka a ranar.

Mataki na biyu: a rufe raunin kafin komai

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ƙafa tana zogi, sai su ɗauko dutse su hau gugar bakin tsagar, suna ganin in an rage kaurin za ta haɗe. Gaskiya ne kaurin yana hana ta haɗewa, amma gugar buɗaɗɗen rauni tura masa datti ne.

Wanke wurin da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, ka ɗauraye sosai, ka tsane da tawul ta hanyar dannawa a hankali. Kada ka zuba sifirit ko makamancinsa a cikin tsagar. Raɗaɗin da yake yi ba alamar aiki ba ne, yana ƙona sabuwar fatar da ke ƙoƙarin tsirowa. Ka ɗebi basilin da tsinken auduga ko da yatsa mai tsabta ka cika tsagar da shi. Sannan da yatsu biyu ka matso bakunan tsagar su haɗu, ka ɗora filasta a gicciye, ya ratsa tsagar kamar ɗinki, don ya riƙe ta kada ta buɗe in ka taka. Ka sauya shi kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe.

Akwai wani ruwan magani da ake sayarwa a kantin magani, wanda in an shafa yake bushewa ya zama kamar siririn filasta. Yana da amfani ƙwarai ga tsagar da ba ta jini kuma ba ta ruɓa ba, domin yana rage zafi nan take, ya bar mutum ya yi tafiya. Yana ɗan yin raɗaɗi na daƙiƙu kafin ya bushe. Amma gam ɗin liƙa kaya da wasu ke ɗigawa, ban goyi baya ba. Wanda likitoci ke haɗa rauni da shi daban ne, kuma in ka liƙe tsaga da datti a ciki, ka kulle cuta a ɗaki ka jefar da mabuɗi.

A waɗannan kwanaki ka rage tsayuwa iya yadda za ka iya, ka sa rufaffen takalmi da safa. Man yuriya a kewayen raunin za ka shafa shi, ba a ciki ba, don yana da zafi a buɗaɗɗiyar fata. Yawancin tsagogi suna haɗewa cikin 'yan kwanaki zuwa mako guda in an kula da su haka. Idan kana tafiya babu takalmi a ƙasa ko aikin gona, kuma ka daɗe rabonka da allurar rigakafin tetanas, ka tambayi ma'aikacin lafiya, domin ƙwayar cutar a cikin ƙasa take zama.

Mataki na uku: jiƙawa

Da dare ya fi, kusa da lokacin kwanciya. Zuba ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Gwada shi da gwiwar hannu: in ka ji daɗinsa ba tare da ka janye ba, ya yi. Tsoma ƙafa na minti 10. In kantar ta yi kauri sosai ka kai 15, kada ka wuce. Na san daɗin zama da ƙafa a ruwan ɗumi, amma idan yatsu suka fara yamutsewa, ka wuce gona da iri, fatar za ta fi da bushewa bayan ka fito. Ruwa zalla ya isa. Ba sai ka zuba ruwan tsami ko wani haɗi ba.

Wanda ba shi da lokacin jiƙawa, ya yi aikin da zarar ya fito daga wanka. Duk ɗaya ne.

Mataki na huɗu: gugar kaushi, da sanin inda za a tsaya

Jiƙa dutsen, ka riƙe dunduniya da ɗaya hannun, ka riƙa gugawa a hankali, da ɗan zagaye ko ta fuska ɗaya, a kan wurin da ya yi kauri kawai. Za ka ga wani farin abu kamar kullu yana fita, matacciyar fata ce. Minti biyu ko uku a kowace ƙafa ya isa. Kana yi kana shafawa da yatsa. Da ka ji wurin ya fara ɗumi, ko ya soma ja, ka tsaya, ko da kana ganin saura.

Ina so in daɗe a nan, don a nan ne zuciya take yaudarar mutum. Ka ga kaushi yana fita, sai ka ce bari in gama da shi yau. Ba ya gamuwa a rana ɗaya. Kanta kariya ce da jiki ya yi saboda ya ji ana gugarsa. In ka kankare ta har ƙasa, jiki zai ɗauka an kawo masa hari, ya mayar da wadda ta fi ta kauri. Burinmu a rage ta ta yi laushin da za ta iya miƙewa, ba a raba dunduniya da ita ba. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar a farko, daga baya sau ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan akwai tsohuwar tsaga da ta riga ta rufe, ka goge bakunanta da suka yi tudu, kana bin tsawonta, ba kana ratsa ta ba. Rage wannan tudun shi ke hana ta sake buɗewa.

Reza, wuƙa, almakashi, da magogin nan mai haƙora kamar na kankare kaya, duk ka ajiye su. Hannunka ba ya ganin inda matacciyar fata ta ƙare mai rai ta fara, kuma kana aiki ne a karkace a wurin da ido ba ya kaiwa sosai. Idan kantar ta yi kaurin da dutse ba ya cin ta, likitan ƙafa yana da wuƙar da aka tsabtace da hannun da ya saba, zai fere ta cikin mintuna ba tare da zafi ba. Haka kuma kada ka ja ɓawon fatar da ya ɗago da farce, yakan yage har cikin nama.

Dutsen naka ne kai kaɗai. Ka wanke shi bayan kowane amfani, ka ajiye inda zai bushe. Dutsen da ke kwana a jiƙe a banɗaki gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma ta hanyar aron sa ake ɗaukar cin ruwa.

Mataki na biyar: mai, tun fatar tana da danshi

Ɗauraye ƙafar, ka tsane ta. Tsakanin yatsu ka busar da shi ƙarau, amma dunduniya ka bar ta da ɗan danshi. Kada ka tashi ka yi wani abu. Cikin minti biyar da fitowa daga ruwa ya kamata mai ya hau, kafin ruwan da fatar ta sha ya tsere.

Fara da mai yuriya. Ɗebi kamar girman kan babban yatsa don kowace dunduniya, ka murza da kyau na minti guda, kana bin kewayen baki inda tsagogin suke, har zuwa tafin ƙafa. Jira kaɗan ya shiga. Sannan ka kawo basilin ka shafa a kai, da ɗan kauri, har dunduniyar ta yi ƙyalli. Na farko yana jawo ruwa yana sassauta kanta, na biyu yana rufewa. Basilin ya tsufa a wannan aiki, tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka, kuma har yau da wuya a sami abin da ya fi shi hana ruwa fita daga fata. Man kaɗanya da man kwakwa su ma suna rufewa, in su ke hannunka ka yi amfani da su, sai dai ba sa cin kanta. Ruwan man shafawa na jiki kuwa, mai tsinkewa, bai isa ga dunduniya ba.

Kada ka sa mai tsakanin yatsu. Wurin a matse yake, laima tana zama, kuma can ne cin ruwa yake farawa.

Mataki na shida: safa, sai barci

Saka safar auduga mai tsabta wadda ba ta matse ba, ka kwanta da ita. Tana hana mai gogewa a zanen gado, tana riƙe shi a kan fata tsawon dare. Wanda ba ya iya barci da safa saboda zafi, ya yanke wajen yatsun wata tsohuwa, dunduniyar kawai muke so a rufe. In za ka tashi da dare, ka kula da santsi a kan tayil.

Ranar da na fara yin haka yadda ya kamata, da safe na cire safar na taɓa dunduniyata, na ji ta lotsa ƙarƙashin yatsa kamar fatar mutum, ba kamar ɓawon itace ba. Tsagogin suna nan, amma bakinsu ya kwanta. Wannan sauƙin na farko shi ne tarko, don a nan mutum yake cewa ya warke ya daina.

Da safe, da kuma tsawon lokacin da za a ɗauka

Bayan wankan safe ka sake shafa mai yuriya, siriri wannan karon, ka bari ya shiga kafin ka sa takalmi. Wato shafawa sau biyu a rana, kowace rana, guga kuwa sau biyu ko uku a mako. Jiƙawa ba dole ba ce kullum, wanka ya wadatar a sauran ranakun.

Zafi yakan ragu a kwanakin farko. Kaushi yakan ɗauki mako biyu kafin ka ga bambanci na gaske. Fata kuwa tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, ta tafin ƙafa ma takan fi haka, don haka ka ba wa aikin mako huɗu cur kafin ka yanke masa hukunci.

Takalmi, wanda shi ne rabin maganin

Za ka iya yin duk abin da na faɗa, amma in ka wuni a kan silifas mai siririn ƙasa, faso zai dawo. Takalmin da bayansa yake buɗe yana barin kitsen dunduniya ya baje yadda ya ga dama, yana barin iska da ƙura su busar da fata, kuma gefensa yana dukan dunduniya a kowane taku. Rufaffen takalmi mai taushin ciki yana tattare dunduniyar wuri guda. Ya zama daidai ƙafa, domin wanda ya yi yawa yana goga, wanda ya matse yana dannewa. Ka juya takalmanka ka duba ƙasansu. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya yana karkatar da nauyinka zuwa gefen, kuma sau da yawa a nan za ka tarar da tsagar da ta fi zurfi.

Ga mai aikin tsayuwa, akwai 'yar matashiyar roba mai laushi mai siffar kofi da ake sakawa a cikin takalmi ƙarƙashin dunduniya. Tana rage danniya sosai. In kana tsayuwa wuri ɗaya a kan siminti, shimfiɗa wani abu mai taushi ka tsaya a kai, ka kuma riƙa zama na 'yan mintuna in ka sami sarari. A cikin gida ma kada ka riƙa yawo ƙafa tsirara a kan daɓe mai tauri. Nauyin jiki shi ma yana da hannu, kowane kilo da ya ƙaru dunduniya ce ke ɗaukarsa.

Sauran ƙananan abubuwa ne: wanka da ruwan ɗumi maimakon mai zafi, kuma kada ya yi tsawo. Kada ka tsaya cikin ruwan omo lokacin wanki, in dole ne ka sa takalmin roba, ka ɗauraye ƙafa ka shafa mai da ka gama. Lokacin sanyi da busasshiyar iska ka fara shafawa tun kafin kaushi ya bayyana. Kada ka kanga ƙafa kusa da wuta don jin ɗumi. Shan ruwa yana da kyau ga jiki, amma shi kaɗai ba ya haɗe faso.

Game da haɗe-haɗen da ake yaɗawa a intanet, na lemon tsami, da ruwan kurkure baki, da man goge haƙori, da bilic, shawarata ka bar su. Wasu suna ƙona fata, wasu suna busar da ita, kuma a kan tsaga mai rai azaba ce kawai.

Idan an yi wata guda babu sauyi

To akwai yiwuwar ba bushewa ce kawai ba. Abin da ya fi yawan ɓoyewa a bayan kaushi shi ne cutar fangas (naman gwari) irin ta cin ruwa. Ba kullum take tsayawa tsakanin yatsu ba, wani lokaci takan mamaye tafin ƙafa da gefensa da wani farin gari-gari mai saɓa, da ƙaiƙayi ko babu. Alamunta su ne ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ko farce ya yi kauri ya sauya launi, ko tsakanin yatsu ya yi fari yana ɓarewa. Irin wannan ko tulun mai ka shafa ba za ta tafi ba. Tana buƙatar man kashe fangas, irin wanda aka rubuta terbinafine ko clotrimazole a jikinsa, a shafa yadda takardarsa ta ce har ƙarshen kwanakin, ko da an ga sauƙi. Wadda ta mamaye tafin ƙafa ko ta shiga farce sau da yawa sai da ƙwayoyin sha, kuma likita ne zai rubuta su.

Kirci da cutar saɓar fata da ake kira soriyasis su ma suna tsaga tafin ƙafa, galibi har da tafin hannu. Raunin aikin tayirod, wato ƙullutun nan da ke gaban wuya, yana busar da fatar jiki gaba ɗaya, tare da kasala, jin sanyi da ƙarin ƙiba. Kuma akwai waɗanda fason da ya ƙi warkewa ne ya fara nuna musu suna da ciwon suga, musamman in akwai yawan ƙishirwa da yawan fitsari. Gwajin jini ɗaya yakan warware wannan.

Bayan ƙafa ta warke, ka sauko zuwa mai yuriya mai kashi 10 ko basilin sau ɗaya a rana bayan wanka, da guga mai sauƙi sau ɗaya a mako. Ni a gefen gado nake ajiye kwalbar tare da safa, don in tana cikin durowa mantawa nake yi. Daren da na ji dunduniya ta sake kama zanen gado, a daren nake komawa mai kashi 25 da basilin da safa, in yi mako guda a jere, tun layin bai zama tsaga ba.